Conrad Weiser (1696–1760): Baƙon da Harshe Ya Zaunar da Shi a Amurka

A watan Yuli na shekarar 1742 aka yi wani babban taro a birnin Filadelfiya tsakanin hukumar Turawan Ingila masu mulkin yankin Fensilbaniya da shugabannin Iroquois, watau wani sashe na mutanen ƙasar na asali waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa. Da taron ya zo ƙarshe, sai mai magana da yawun Iroquois, wani dattijo daga ƙabilar Onondaga mai suna Canasatego, ya juya kan tafintan taron yana yabonsa. Ya bayyana cewa sa'ad da suka ɗauki wannan mutum ya zama ɗansu, raba shi suka yi gida biyu, suka riƙe rabi, suka bar wa Turawa rabi. Ya kuma roƙi Gwamna ya saka masa, domin takalmansa sun cinye a wajen kai saƙonninsu. Tafintan da kansa ne ya juya wannan yabo nasa zuwa Ingilishi, alhali kuwa Ingilishin ma ba harshen da ya tsotsa ba ne. Bajamushe ne, sunansa Conrad Weiser, kuma ya sauka ƙasar yana yaro ɗan shekara goma sha uku cikin ayarin 'yan gudun yunwa.

Iyalai da yawa a Amurka sukan bi salsalarsu har su dangana da kakan da ya fara ƙetaro teku, kuma galibin irin waɗannan labarai a kan sarar daji da noma da tara dukiya suke tsayawa. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan kakanni ta fuskar harshe, domin shi Weiser da bakinsa ya sami wurin zama kafin ya same shi da gatari. Za a kuma ga abin da wannan baki ya jawo wa waɗanda ba su da tafinta nasu.

Barin gida

An haifi Conrad Weiser ran 2 ga Nuwamba 1696 a ƙauyen Affstätt, kusa da Herrenberg, cikin ƙasar Württemberg, a kudu maso yammacin Jamus ta yau. A wancan zamani babu wata ƙasa guda da ake kira Jamus. Ɗaruruwan ƙananan sarautu ne, kowace da sarkinta da harajinta da ɗariƙar da sarkin ya zaɓar wa talakawansa. Mahaifinsa, Johann Conrad, sojan doki ne, daga baya ya ajiye kayan sarki ya koma garinsu Großaspach yana gashin burodi.

Yankin bai san zaman lafiya ba. Rundunonin Sarki Louis na 14 na Faransa sun ƙone garuruwan bakin kogin Rhine a yaƙin 1688 zuwa 1697, har birnin Heidelberg sau biyu ana cinna masa wuta. Suka sake kwararowa a 1707. Talaka bai gama farfaɗowa ba sai ga sanyin farkon 1709, wanda Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba: koguna suka daskare, alkamar da aka shuka ta mutu a ƙasa, kurangar inabi ta bushe. Ana cikin wannan hali ne wani ɗan littafi na wani limamin Kirista mai suna Joshua Kocherthal ya yaɗu a ƙauyuka yana zuga albarkar ƙasar Carolina. Mutane suka fahimta, ko kuma suka so su fahimta, cewa Sarauniya Anne ta Ingila za ta kai duk mai so Amurka kyauta ta kuma ba shi gona. Sarauniyar ba ta yi wannan alkawari ba. Mahaifiyar Conrad ta rasu a watan Mayu na 1709; a watan Yuni uban ya sayar da gidansa, ya ɗebi 'ya'ya takwas ya bi kogin Rhine zuwa Holan.

Kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 13,000 sun taru a Landan, aka kafa musu tantunan soja a Blackheath da Camberwell. Mutanen Ingila suka yi musu kuɗin goro suka kira su duka "Palatine", watau mutanen ƙasar Pfalz, ko da yake da yawansu, har da iyalin Weiser, ba daga can suka fito ba. Masanin tarihi Philip Otterness, a littafinsa na 2004, ya nuna cewa waɗannan mutane sun bar gida ne kowa yana ɗan garinsu, a baƙunta ne suka fara ganin kansu al'umma ɗaya. Tausayin masu masauki bai daɗe ba. Aka mai da 'yan Katolika inda suka fito, aka tura wasu Ailan, wasu Carolina ta Arewa. Wajen 3,000 kuma aka zuba su cikin jirage goma a ƙarƙashin sabon Gwamnan Niyok, Robert Hunter. Sun yi watanni a cikin jiragen tun kafin a ɗaga anga, zazzaɓi ya shiga cikinsu, wajen 470 suka mutu a teku da makonnin farko bayan sauka. Jirgin su Weiser ya iso Niyok a watan Yuni na 1710.

Gonar da suka zo nema ba ta samu ba. Shirin Gwamna shi ne su biya kuɗin jirgi da na abinci da aikin ƙarfi, watau tatsar ƙaro daga itatuwan bakin kogin Hudson don yin kwaltar da ake liƙe jiragen ruwan yaƙi da ita. Aka raba yara da yawa da iyayensu aka ba da su koyon sana'a a gidajen Turawan Ingila da na Holan. Ƙannen Conrad biyu na cikinsu, haka kuma wani yaro mai suna John Peter Zenger, wanda shari'arsa ta 1735 ta shahara a tarihin 'yancin jarida. Manoman inabi da alkama ba su ɗauki tatsar ƙaro aikin 'ya'ya ba, kwaltar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba, gwamnatin da ta goyi bayan shirin a Landan kuma ta faɗi. A watan Satumba na 1712 Hunter ya sanar cewa ya daina ciyar da su, ga kuma hunturu ya ƙarato.

Wata takwas a gidan Quaynant

Da ma akwai wata magana da ta zauna a zukatan waɗannan baƙi, cewa wai wasu sarakunan Mohawk da suka ziyarci Landan sun gan su a tantuna, suka ji tausayinsu, suka ba Sarauniya kwarin Schoharie domin a zaunar da su. Lissafin kwanaki bai goyi bayan wannan labari ba, gama sarakunan sun isa Landan ne a watan Afrilu na 1710, lokacin Jamusawan sun daɗe a cikin jirage. Amma mai jin yunwa ba ya binciken isnadi. Iyalai wajen 150 suka yi wa Gwamna kunnen ƙashi suka nufi Schoharie, suka nemi izinin zama kai tsaye daga Mohawk. Johann Conrad Weiser na cikin jagororinsu. Suka kafa ƙauyuka bakwai, ɗaya daga ciki aka sa masa sunansa. A wurin ne garin Middleburgh yake a yau.

A tsakiyar wannan ƙaura ne wani shugaban Mohawk mai suna Quaynant ya ziyarci uban, suka shirya cewa Conrad, wanda yake da kimanin shekara goma sha shida, zai bi shi ya koyi harshensu. Ana iya karanta wannan shawara ta fuska biyu. Jagoran baƙi yana bukatar wanda zai ji abin da masu ƙasa ke faɗa. Sa'an nan kuma gida ne mai baki da yawa da abinci kaɗan, ga matar uba wadda ba su jituwa da yaron. A ɗan tarihin rayuwarsa da ya rubuta wa 'ya'yansa da Jamusanci, Weiser bai ƙawata wannan zama ba ko kaɗan. Ya isa a ƙarshen Nuwamba da tufafin da ba su isa ba, ya sha sanyi, da bazara ta ƙarato masara ta ƙare aka yi yunwa, kuma sau da yawa yakan ɓuya idan barasar da fataken Turawa ke kawowa ta bugar da mutanen gari. A ƙarshen Yuli ya komo gida yana jin Mohawk. Daga nan ya shiga raba gardama tsakanin manoman Jamus da maƙwabtansu mafarauta, ba tare da ana biyansa ko anini ba, harshen kuma ya ƙara zaunawa a bakinsa.

Abin da ya koya ya wuce kalmomi, kuma a nan ne muhimmancinsa yake ga mai nazarin harshe. Ƙabilun Iroquois, watau Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca, sa'an nan Tuscarora da suka shigo wajen 1722, suna da majalisa guda a Onondaga, kuma maganar majalisa tana da nata ƙa'idoji. Ba a fara zance sai an yi wa baƙo ta'aziyyar waɗanda ya rasa, a share masa hawaye, a buɗe masa kunne, a wanke masa maƙogwaro, duk da baki. Kowace muhimmiyar magana sai an ɗora ta a kan wampum, wata ɗamara da ake saƙawa da ƙananan duwatsun ado da aka fafe daga ɓawon katantanwar teku. Maganar da ba ta da wampum iska ce. Ba a katse mai magana, ba a kuma ba da amsa a ranar da aka yi tambaya. Zumunci sarƙa ce da ake gogewa kada ta yi tsatsa, sulhu kuwa share hanya ne da binne gatari.

Har sunayen gwamnoni fassara ce. Gwamnan Fensilbaniya, ko wane ne shi, sunansa Onas, ma'ana gashin tsuntsu, domin sunan William Penn ya yi daidai da kalmar alƙalami a Ingilishi, alƙalamin zamanin kuwa gashin tsuntsu ne. Gwamnan Faransa a Kanada shi ne Onontio, babban dutse, fassarar sunan Montmagny. Faransawa sun yi murna da aka yarda a kira gwamnansu uba, ba su lura ba cewa a al'ummar da ake bin dangi ta wajen uwa, uba mai kyauta ne da lallashi, iko yana hannun kawu. Wanda bai san wannan ba zai fassara kalma daidai ya ɓatar da ma'ana.

Schoharie ba ta zaunu ba. Gwamna ya ba wasu attajiran Albany takardar mallakar kwarin, suka ce Jamusawa su biya haya ko su tashi. A 1718 Johann Conrad da wasu mutum biyu suka tafi Landan kai kuka. 'Yan fashin teku suka washe su a hanya, a Landan aka ɗaure su saboda bashi, uban bai komo ba sai 1723, hannu rabbana. A wannan shekara wasu iyalai suka bi kogin Susquehanna suka gangara kudu zuwa kwarin Tulpehocken a Fensilbaniya. Conrad, wanda ya auri Anna Eva Feck a 1720, ya bi sawunsu a 1729, ya kafa gona kusa da inda garin Womelsdorf yake yanzu. Ƙasar da suka sauka a kai ta mutanen Lenape ce, waɗanda Turawa ke kira Delaware, kuma sun yi kukan wannan shigowa tun a lokacin.

Tafintan hukuma

A 1731 wani shugaba daga ƙabilar Oneida mai suna Shikellamy, wakilin majalisar Onondaga a garin Shamokin, ya tafi da Weiser Filadelfiya ya yi masa tafinta. James Logan, wanda ya daɗe yana riƙe da al'amuran iyalin Penn, ya gane nan take irin mutumin da ya samu. Manufar Logan ita ce hukuma ta daina ciniki da ƙananan ƙabilu ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki Iroquois a matsayin iyayen gijin sauran duka, ta riƙa sayen ƙasa daga hannunsu. Wannan ya yi wa Iroquois daɗi, ya yi wa iyalin Penn daɗi, kuma ba zai yiwu ba sai da mutumin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Kusan shekara talatin Weiser ne wannan mutum.

Amincewar ba a banza ta samu ba. A ƙarshen Fabrairu na 1737 ya tashi zuwa Onondaga da saƙon Gwamnan Birjiniya na neman sulhu tsakanin Iroquois da ƙabilun kudu. Tafiyar mako shida ce cikin dusar ƙanƙara da ambaliya, a shekarar da yunwa ta kama garuruwan hanya. Ya rubuta cewa wata rana ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna a gindin itace yana jiran mutuwa, sai da Shikellamy ya komo ya yi masa magana sa'an nan ya miƙe. Daga baya Iroquois suka ba shi suna Tarachiawagon, mai riƙe da sammai, suna mai nauyi a cikin addininsu.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne ya kusa barin duniya da abin da ke cikinta. A 1735 ya bi wani mai wa'azi, Conrad Beissel, wanda ya kafa zaman zuhudu a Ephrata inda ake tsarkake Asabar ana kuma ƙin aure. Aka yi masa baftisma a rafi, ya tsayar da gemu, ya karɓi suna Ɗan'uwa Enoch, har ya sa hannu a ƙona littattafan koyarwar ɗariƙun da ya baro. Zuhudun bai hana shi komawa gida ba, domin matarsa ta ci gaba da haihuwa; 'ya'ya goma sha huɗu suka haifa, bakwai suka girma. A 1741 ya karɓi muƙamin alƙalin ƙaramar kotu, bayan shekara biyu kuma ya raba gari da Ephrata. Ana iya cewa mutum ne da ya daɗe yana neman inda zai jingina, a addini kamar yadda yake a ƙasa.

Taron da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne na Lancaster a 1744, inda wakilan Birjiniya da Maryland da Fensilbaniya suka zauna da Iroquois har mako biyu. Shi ya koya wa wakilan Turawa yadda za su zauna da yadda za su yi shiru. A nan ne Canasatego ya shawarci yankunan Turawa su haɗa kai kamar yadda ƙabilunsa suka yi, Benjamin Franklin kuma ya buga bayanin taron a maɗaba'arsa. Ya kamata mai nazari ya riƙa tunawa cewa duk fasahar da ake yabawa a jawaban Canasatego, ta bakin Weiser ta biyo. Asalin maganar ba a rubuta shi ba. Abin da ya rage shi ne Ingilishin wani Bajamushe, yadda magatakarda ya ji shi.

Rabin da ba a faɗa

Idan aka tsaya a nan, labarin ya zama na baƙo mai gaskiya da ya haɗa al'ummu biyu, kuma kusan haka Paul Wallace ya zana shi a babban littafinsa na 1945. Masana na baya, musamman Francis Jennings da James Merrell, sun sake karanta takardun da wani ido.

A watan Oktoba na 1736, shugabannin Iroquois suna kan hanyar komawa gida daga Filadelfiya, suka yada zango a gidan Weiser. Logan ya aiko da takarda ta biyu yana so su sa hannu cewa sun saki duk wani haƙƙi nasu a kan ƙasar bakin kogin Delaware. Weiser da kansa ya ba da rahoton cewa da farko sun ƙi, suna cewa ba su da komai a wannan ƙasa, kuma suna tsoron cutar da 'yan'uwansu Lenape. Ya shawo kansu suka sa hannu. Sakin abin da ba naka ba kamar ba kome ba ne, amma a hannun lauya ya zama shaida cewa da naka ne.

Shekara ta gaba aka yi abin da ake kira Cinikin Tafiya. 'Ya'yan William Penn suka fito da wata tsohuwar takarda da ke cewa wai Lenape sun sayar da ƙasa iyakar tafiyar yini ɗaya da rabi. Aka share hanya tun da wuri, aka ɗauko masu gudu uku, ɗayansu ya ci fiye da mil 60, aka kuma ja layin iyaka a karkace, ƙasa wajen eka 1,200,000 ta tafi. Weiser ba shi da hannu a wannan gudu. Amma da Lenape suka ƙi tashi, a taron nan na 1742 da aka raba shi gida biyu ne Canasatego ya tsaya gaban Gwamna ya ci mutuncin shugabansu Nutimus, ya ce an ci su da yaƙi an mai da su mata, mata kuwa ba su sayar da ƙasa, ya umarce su su tashi nan take. Masana sun yi ta muhawara a kan kalmar nan "mata". A wasu ruwayoyin Lenape matsayi ne na daraja, na mai shiga tsakani wanda ba ya ɗaukar makami. A zauren Filadelfiya, cikin Ingilishi, zagi ta zama. Weiser bai iya harshen Lenape ba, bai kuma taɓa sakin jiki da su ba. Shi rabinsa Mohawk ne, kuma da idon Mohawk yake dubansu.

Ko Iroquois ɗin ma ba su tsira ba. A Lancaster sun ɗauka kwarin Shenandoah suka saki, amma lafazin takardar ya ba Birjiniya duk abin da ke cikin iyakokin da Sarkin Ingila ya zana mata, wanda ya haɗa da ƙasar Ohio. A Albany a 1754 Weiser ya sake taimaka wa iyalin Penn suka sayi wani makeken yanki a yammacin Susquehanna a kan fam 400, ba tare da an tambayi Lenape da Shawnee da ke zaune a kai ba. A duk tsawon wannan lokaci gonarsa tana faɗaɗa, ya kafa majema, ya buɗe kanti a sabon garin Reading, ya zama shugaban alƙalan gundumar Berks tun daga kafa ta a 1752. Ba za a ce maƙaryaci ne ba. An san shi da faɗa wa hukuma gaskiya a kan fataken barasa da masu cin iyakar ƙasa, kuma ya gina wa Shikellamy gida, ya kula da iyalinsa. Sai dai mutum ne da ya taso bai da taƙi ɗaya na ƙasa, ya ga ubansa ya tsufa yana neman takardar mallaka bai samu ba, kuma ya san ɓangaren da ke ba da takarda.

Sakamakon ya zo ƙofar gidansa. Bayan da Faransawa da abokansu suka karya rundunar Janar Braddock a watan Yuli na 1755, mayaƙan Lenape suka faɗa wa ƙauyukan bakin iyaka, kuma galibin waɗanda aka kashe manoman Jamus ne. A watan Nuwamba hari ya iso Tulpehocken. Maƙwabtansa suka taru suna neman a sa lada a kan kowane Ba'indiye, na gida da na daji. Da ya ƙi, suka kira shi maci amana, har ya rubuta cewa ya ji tsoron za su harbe shi. Aka naɗa shi laftanan-kanar, ya riƙe jerin ganuwoyi a gindin duwatsun Blue Mountain. Aikinsa babba na ƙarshe shi ne taron Easton na 1758, inda aka mayar da wani sashe na ƙasar da aka saya a Albany, Lenape na Ohio kuma suka janye daga bayan Faransa. A lokacin tauraronsa ya riga ya dushe, domin Landan ta danƙa al'amuran Iroquois a hannun William Johnson. Ya rasu ran 13 ga Yuli 1760. A taron shekara ta gaba wani shugaban Seneca ya ce tun rasuwarsa suna zaune cikin duhu, ba su fahimtar juna da Turawa kamar da.

Zuriya da harshenta

Akwai fassara ta biyu da Weiser ya yi ta yi, tsakanin Jamusawa da Turawan Ingila. Jamusawa sun kai wajen sulusin mutanen Fensilbaniya, suna da jaridarsu tun 1739, kuma Christopher Sauer ya buga musu Littafi Mai Tsarki da Jamusanci a 1743. Franklin ya rubuta a 1751 yana fargabar cewa za su mai da yankin na Jamus maimakon su koyi Ingilishi. Da aka kafa makarantun sadaka don koya wa 'ya'yansu Ingilishi, Weiser na cikin amintattun shirin, Sauer kuwa ya yaƙe shi har ya rushe. Harshen Mohawk ma ya so ya bar shi gado: ya koya wa mai wa'azi Christoph Pyrlaeus a gidansa a 1743, ya kuma aika ɗansa Samuel ya zauna cikin Mohawk kamar yadda aka yi masa. Samuel bai kai matsayin ubansa ba.

Gadon ya bi ta wajen 'ya mace. A 1745 'yarsa Anna Maria ta auri Henry Melchior Muhlenberg, limamin da ya tsara majami'un ɗariƙar Luther a Amurka. Ɗansu Peter ya zama janar a yaƙin neman 'yancin Amurka, Henry Ernst ya zama masanin tsirrai, Frederick kuwa shi ne Kakakin Majalisar Wakilai na farko a 1789. Wani tattaɓa-kunnen Weiser, John Andrew Shulze, ya yi Gwamnan Fensilbaniya daga 1823 zuwa 1829.

Sunan Frederick ne ya maƙale a wata tatsuniya da har yanzu ake ji, cewa wai saura ƙuri'a ɗaya Jamusanci ya zama harshen hukuma a Amurka, shi kuma ya hana. Abin da ya faru bai kai haka ba. Wasu Jamusawan Birjiniya ne suka roƙi a riƙa buga dokoki da harshensu, a watan Janairu na 1795 aka kaɗa ƙuri'a a kan ɗage zaman don sake duba batun, aka ƙi da 42 a kan 41, maganar ta mutu daga baya. Wani marubuci Bajamushe, Franz Löher, ya taimaka wajen yaɗa ƙarin gishirin a 1847. Jamusancin Fensilbaniya ya ci gaba a ƙauyuka har yaƙin duniya na farko ya sa jin sa ya zama abin zargi. A yau galibi a bakin 'yan ɗariƙar Amish da Mennonite masu riƙon tsohuwar hanya ake jin sa. Rubutun da ke kan kabarin Weiser a Womelsdorf da Jamusanci yake, gidansa na dutse kuma hukuma ta mai da shi wurin tarihi.

Su kuwa Lenape, an yi ta tura su yamma zango bayan zango, har zuriyarsu ta dangana da Oklahoma da Wisconsin da Ontario ta Kanada. A 2004 wani reshe nasu na Oklahoma ya shigar da ƙara yana neman eka 314 daga cikin ƙasar Cinikin Tafiya. Kotu ta kori ƙarar a wannan shekara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2006, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron batun.